Yadda ake ƙara wa waya gudu da sabon kanel, da yadda zafin Sakkwato ke shiga lissafin

Kowace waya tana fitowa daga kamfani da iyakar gudun da firosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, ba za ta wuce ba. Mai tsare wannan iyaka shi ne kanel, wato ɓangaren Android da ke magana kai tsaye da kayan cikin waya: firosesa, batir, allo, kyamara da Wi-Fi. Shi ke yanke cewa yanzu firosesa ta sauka zuwa 600 MHz tunda saƙo kawai ake karantawa, an jima ta haura 2,000 MHz saboda an buɗe wasa. Idan aka cire kanel na kamfani aka saka wanda wani gwani ya gyara, ana iya samun matakan gudu a saman waɗanda kamfani ya bari. Wannan aikin ne masu harkar ke kira obakulok. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne kanel ɗin Android na Linux ne, kuma lasisin GPL ya wajabta wa kamfani ya fitar da asalin rubutun kanel ɗinsa ga jama'a.

Kafin a taɓa kebul, akwai abu biyu da ya kamata ka tantance: ko wayarka tana karɓar aikin, da ko garin da kake zaune zai bar ka ka ci ribarsa.

Ba kowace waya ce ke karɓa ba

Mafi yawan wayoyin da ke hannun mutane a Sakkwato Tecno ne da Infinix da itel, masu firosesar MediaTek ko Unisoc. Da wuya ka samu kanel mai obakulok na waɗannan, domin masu haɗa kanel ba su cika samun cikakken rubutun da za su yi aiki a kansa ba. Idan ka ga wani fayil yana yawo a WhatsApp ko Telegram wai yana ƙara wa "kowace Tecno" gudu, kada ka saka shi. Babu kanel ɗin da ke hawa kowace waya.

Inda aikin ya fi tafiya shi ne wayoyin Xiaomi, Redmi, Poco da OnePlus masu Snapdragon, musamman tsofaffi. Redmi Note 4 mai Snapdragon 625 tana fitowa da 2.0 GHz, kuma akwai kanel da ke kai ta wajen 2.2 GHz. Redmi Note 5 Pro mai Snapdragon 636 tana tsayawa a 1.8 GHz, alhali 'yar'uwarta Snapdragon 660 tana yin 2.2 GHz, shi ya sa masu haɗa kanel suka samu filin ɗaga ta.

Daga Snapdragon 845 zuwa sama labari ya canza. Jadawalin gudun firosesa ba kanel ke rubuta shi ba, manhajar kamfani ce da ke tashi kafin kanel take loda shi, kanel karantawa kawai yake yi. A irin waɗannan wayoyi abin da ake iya ɗagawa da gaske shi ne GPU, ɓangaren da ke zana hoto a wasanni. Misali GPU ɗin Snapdragon 865 yana gudun 587 MHz, na 865+ kuma ya ɗan fi haka, kuma manhajar KonaBess tana ba da damar gyara wannan jadawali a wayar da aka yi wa rut, wato aka ba mai ita cikakken iko a kan tsarinta. Don haka idan wani kanel ya yi maka alkawarin 3.5 GHz a sabuwar waya, ka sani lamba ce kawai aka canza a allo. Daga Android 12 kuma Google ta kawo tsarin GKI, inda kanel ɗaya ke hawa wayoyi da yawa, abubuwan da suka shafi firosesa kuma suka koma wasu fayiloli na kamfani. A nan ma sabon kanel yana iya gyara yadda waya ke sarrafa batir da aiki, amma ba kasafai yake ƙara gudu ba.

Sai batun makulli. Butloda ita ce manhajar da ke tayar da waya, kuma muddin tana kulle ba ta karɓar kanel na waje. Huawei ta daina ba da lambar buɗe butloda tun 2018. Samsung da aka yi wa kasuwar Amurka, da Pixel na kamfanin sadarwar Verizon, waɗanda ke shigowa cikin wayoyin hannu, ba sa buɗuwa. Samsung ɗin da ke buɗuwa kuma, da zarar ka saka mata abin da ba na kamfani ba, fis ɗin Knox, tsarin tsaron Samsung, ya ƙone har abada, Secure Folder da makamantansa sun tafi ko da ka mayar da komai daga baya.

Abu na ƙarshe a nan yana da nauyi: manhajojin banki da na tura kuɗi da yawa suna duba ko an buɗe butloda ko an yi rut, su ƙi aiki. Wanda sana'arsa ke kan wayar, mai POS ko mai karɓar kuɗin ciniki da taransifa, kada ya yi wannan aiki a kan wayar sana'a. A nemi ta biyu.

Lissafin zafi

Nan ne ya kamata mutumin Sakkwato ya fi tsayawa, domin mafi yawan waɗanda ke haɗa kanel suna gwada shi ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba.

Wutar da firosesa ke ci tana ƙaruwa daidai da gudu, amma ƙarfin lantarkin da ake ba ta, wato boltej, sau biyu yake shiga lissafin. Ga yadda abin yake: idan ka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, wuta ta ƙaru da kashi 10. To amma firosesa ba ta tsayawa daidai a sabon gudun sai an ƙara mata boltej. A ce shi ma an ƙara kashi 10. Lissafin ya zama 1.1 sau 1.1 sau 1.1, wato 1.33. Ka samu ƙarin gudu kashi 10, ka biya da ƙarin zafi kashi 33. Duk wutar da firosesa ta ci zafi take zama, kuma waya ba ta da fanka. Hanya ɗaya take da ita ta fitar da zafi: ta jikinta zuwa iska.

Gwargwadon bambancin zafin jikin waya da na iska, gwargwadon saurin hucewarta. Batirin lithium ba a son ya wuce digiri 45, musamman lokacin caji. A ɗaki mai digiri 25 akwai tazarar digiri 20 kafin a kai can. A Mabera ko Arkilla da azahar ɗin watan Afrilu, lokacin da iska kanta ta haura digiri 40, tazarar ba ta kai digiri 5 ba. Da waya ta kusa iyaka, tsarin kariyarta zai janyo gudun ƙasa da ƙarfi, sau da yawa har ƙasa da inda kanel na kamfani zai riƙe. Sakamakon shi ne waya mai tashi kamar walƙiya a minti biyun farko, sannan ta kama tangal-tangal a minti na goma, daidai lokacin da wasa ya yi zafi.

Saboda haka ma'aunin nasara a wannan aiki shi ne gudun da waya ke iya riƙewa bayan minti 15 zuwa 20, ba lambar da ta nuna a farko ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan ma'auni aka gina su.

Kayan da za a tanada

Kwamfutar tafi-da-gidanka mai cikakken caji ta fi ta tebur, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar filashin, wato rubuta sabuwar manhaja a cikin waya, waya na iya mutuwa. Kebul ya zama mai ɗaukar bayanai, gara wanda ya zo da wayar. Kebul ɗin caji mai araha yakan yi caji amma kwamfuta ba za ta ga waya ba, ko ta riƙa gani tana ɓacewa. A duba ramin cajin wayar ma, ƙurar hunturu takan cushe shi har kebul ya ƙi zama; tsinken sakace da haƙuri sun isa, ban da allura. Batirin waya ya kai kashi 70. A sauko da Platform Tools daga shafin Google, a ciki adb da fastboot suke, manhajojin da kwamfuta ke ba waya umarni da su, tare da direban USB na wayar idan Windows ce. Sannan a sauko da cikakkiyar manhajar kamfani, daidai da lambar da ke kan wayar yanzu. Takan kai gigabait 2 zuwa 6, don haka a yi tanadin data. Kada a fara aiki kafin wannan fayil ya gama sauka, shi ne hanyar dawowa.

Mataki na 1: gane ainihin wayar

Sunan da ke kan kwali bai isa ba. Redmi Note 4 iri biyu ce: mai Snapdragon ana ce mata mido, mai MediaTek ana ce mata nikel. Redmi Note 8 ita ce ginkgo mai Snapdragon 665, Redmi Note 8 Pro kuma begonia ce mai Helio G90T. Kanel ɗin ɗaya ba ya tayar da ɗaya.

Shiga Settings, About phone, ka taɓa Build number sau 7. A Xiaomi lambar MIUI ko HyperOS, wato manhajar kamfanin, ake taɓawa. Developer options zai bayyana. Kunna USB debugging da OEM unlocking. Haɗa waya da kwamfuta, ka amince da saƙon da zai fito a allo, sannan ka rubuta:

`adb devices`
`adb shell getprop ro.product.device`
`adb shell uname -r`

Na biyu zai ba ka sunan ɓoye na wayar, na uku lambar kanel ɗin da ke kai, kamar 4.4, 4.14 ko 5.10. Rubuta su a takarda tare da lambar Android da lambar manhajar.

Mataki na 2: buɗe butloda

Wannan yana goge komai da ke cikin waya. A kwashe hotuna, lambobi da hirar WhatsApp tukuna, a tabbata ana tune da kalmar sirrin asusun Google. A yawancin wayoyi:

`adb reboot bootloader`
`fastboot devices`
`fastboot flashing unlock`

Tsofaffi suna karɓar `fastboot oem unlock`. Za a tabbatar da maɓallin ƙara sauti da na kunnawa. Xiaomi mai MIUI tana da hanyarta: a ɗaura asusun Mi a cikin Mi Unlock status da layi a wayar, a yi amfani da manhajar Mi Unlock a kwamfuta, sannan a jira lokacin da ta bayar, galibi awa 168. Kada a fita daga asusun cikin wannan mako, lissafin na iya komawa farko. Samsung ba ta amfani da fastboot, ta Download mode da manhajar Odin ake bi.

Idan `fastboot devices` bai nuna komai ba alhali adb ya ga wayar, direba ne. A gyara shi a Device Manager, ko a canza rami. Wasu tsofaffin wayoyi sun fi jituwa da ramin USB 2.0.

Mataki na 3: ajiye hanyar dawowa

Buɗe manhajar kamfani da ka sauko da ita, ka ciro boot.img, fayil ɗin da kanel ke ciki, da dtbo.img da vbmeta.img idan akwai. Idan payload.bin ka gani a ciki, sai an warware shi da manhajar warware payload. Ajiye su a kwamfuta, ka ƙara kwafi a filas. Kada ka bar su a cikin wayar kaɗai, ranar da za ka buƙace su wayar ba za ta tashi ba.

Yanzu rut. Saka manhajar Magisk, wadda ke yin rut, daga shafinta na GitHub, dandalin da masu haɗa manhaja ke wallafa aikinsu, ka tura boot.img cikin waya, a Magisk ka zaɓi Install, sai Select and Patch a File. Zai samar da sabon fayil a Download. Mayar da shi kwamfuta, ka shiga fastboot:

`fastboot flash boot magisk_patched.img`

A sa ainihin sunan fayil ɗin. Wayar da ta fito daga kamfani da Android 13 ko sama, init_boot.img ake gyarawa a madadin boot.img, a kuma saka shi a ɓangaren init_boot.

Da rut ya zauna, sai a kwafi ɓangarorin da ke riƙe da IMEI, lambar shaidar waya, domin babu su a cikin manhajar da ka sauko da ita, na wayarka ne ita kaɗai. A Snapdragon su ne modemst1, modemst2, fsg da persist. A MediaTek nvram da nvdata. A Samsung efs.

`adb shell`
`su`
`dd if=/dev/block/by-name/modemst1 of=/sdcard/modemst1.img`

Haka za a maimaita wa kowanne. A wasu tsofaffin wayoyi hanyar ita ce /dev/block/bootdevice/by-name/. A kula ƙwarai da if da of: if shi ne inda ake ɗauka, of inda ake zubawa. Juya su yana shafe ɓangaren, waya ta daina ganin layi.

Mataki na 4: auna wayar kafin a canza komai

Mutane da yawa suna tsallake wannan, shi ya sa ba sa iya faɗin ko sun ci riba ko sun faɗi. Saka DevCheck ko AIDA64 don ganin zafi, CPU Throttling Test don firosesa, da 3DMark don GPU. Cire rigar waya, cire caja, sa hasken allo a rabi, kunna Airplane mode. Yi CPU Throttling Test na minti 15. Bar waya ta huce rabin awa, sannan ka yi Wild Life Stress Test, wanda ke maimaita gwaji sau 20 ya ba ka maki mafi girma, mafi ƙanƙanta, da kason daidaito. Rubuta zafin batir a farko da ƙarshe, makin farko da na ƙarshe, da kashi nawa batir ya sauka.

Yi gwajin a lokaci da wurin da ka saba amfani da wayar. Idan da la'asar kake wasa a shago mai rufin kwano, can za ka auna. Awon da aka yi bayan sallar asuba a gaban fanka zai yi maka daɗin gani, amma ba shi ne halin da wayar za ta yi aiki a ciki ba.

Mataki na 5: zaɓar kanel

Abu huɗu dole su dace: sunan ɓoye na waya, lambar Android, irin manhajar da ke kai, da lambar kanel idan mai haɗawa ya ambata. Na ukun ne ke kayar da mutane. Kanel ɗin da aka yi wa LineageOS, wani Android da ba na kamfani ba, da danginta sau da yawa ba ya zama daidai a kan MIUI, haka ma akasin haka, kuma masu haɗawa sukan fitar da fayil daban ga kowanne. A nemi kanel wanda mai shi ya wallafa asalin rubutunsa a GitHub, ya rubuta abin da ya canza, ya kuma faɗi ko yana tashi a gudun kamfani ko a gudun da aka ɗaga. Wanda ke tashi a gudun kamfani ya bar maka zaɓi shi ne na garinmu. Ka tuna kanel yana ganin duk abin da ke wucewa a waya, har da kalmomin sirri, don haka fayil ɗin da ba a san mai shi ba bai cancanci gwaji ba ko da sau ɗaya.

Mataki na 6: sakawa

Yawancin kanel suna zuwa a fayil ɗin zip na tsarin AnyKernel3. Shi wannan yana buɗe boot ɗin da ke kan wayar, ya musanya kanel kawai, ya mayar, don haka Magisk yakan tsira. Ana saka shi ta hanya biyu. Ta farko ta rikobari, wato ƙaramin tsarin gyara da ke tashi daban da Android, irin TWRP ko OrangeFox: Install, zaɓi zip, ja maɓalli, karanta abin da ya rubuta har ƙarshe, sannan Reboot System. Ta biyu ta cikin manhajar sarrafa kanel, kamar Franco Kernel Manager, EX Kernel Manager ko SmartPack, a sashen filashin.

Idan kuma fayil ɗin img ne, fara gwada shi ba tare da rubutawa ba:

`fastboot boot sabon_boot.img`

Waya za ta tashi da shi sau ɗaya, da an sake kunnawa ta koma na da. Ba duk wayoyi ke karɓar wannan ba, amma inda ya yi aiki ya fi komai aminci. In ya yi kyau, sai `fastboot flash boot sabon_boot.img`. Idan kana kan wani kanel na daban da ka saka a baya, mayar da boot na asali tukuna kafin ka ɗora sabo, domin ragowar gyare-gyaren na farko kan rikita na biyu.

Tashin farko na iya ɗaukar minti 2 zuwa 5. Da ta tashi, duba `uname -r` ka ga sabon suna, sannan ka bi kayan waya ɗaya bayan ɗaya: kira da jin murya, data, Wi-Fi, Bluetooth, kyamarar gaba da baya, zanen yatsa, taɓa allo a kowace kusurwa, caji. Yi kwana ɗaya ko biyu a gudun kamfani. Idan matsala ta fito a nan, ka san daga kanel take, ba daga obakulok ba.

Mataki na 7: ɗaga gudu

Firosesar waya rukuni-rukuni ce: ƙananan ƙwayoyi masu tattalin wuta, da manya masu ƙarfi. A manhajar sarrafa kanel za ka gan su daban, a cikin tsarin kuma suna /sys/devices/system/cpu/cpufreq/ da sunaye kamar policy0 da policy4. Fayil ɗin scaling_available_frequencies yana nuna matakan da ke akwai, da kHz, wato 1804800 na nufin kusan 1.8 GHz.

Bar ƙananan yadda suke, ribar ɗaga su kaɗan ce. A manyan, ɗaga iyakar sama da mataki ɗaya tak. Maimaita gwajin Mataki na 4 a lokaci ɗaya da wuri ɗaya. Kwatanta makin ƙarshe da makin ƙarshe. Idan ya ƙaru kuma batir bai haura digiri 43 ba, yi yini guda da wayar a haka, sannan ka ƙara mataki. Idan makin farko ya ƙaru amma na ƙarshe ya ragu, ka wuce inda wayarka ke iyawa a wannan yanayi, koma baya. GPU ma haka, amma kada a ɗaga shi rana ɗaya da firosesa, domin in waya ta faɗi ba za ka san wanne ya kayar da ita ba. Su biyun a guntu ɗaya suke, zafin ɗaya yana cin rabon ɗaya.

Kada ka kunna Apply on boot sai saitin ya yi kwana 3 ba tare da matsala ba. Muddin yana kashe, duk saitin da ya daskarar da waya zai tafi da an sake kunnawa. In yana kunne, waya za ta tashi, ta ɗora mugun saitin, ta faɗi, ta sake tashi, haka nan ba iyaka.

Akwai kuma gwamna, tsarin da ke zaɓar gudu a kowane lokaci. Bar shi a schedutil, ko interactive a tsofaffin kanel. Gwamnan performance yana manne firosesa a ƙololuwa ko da waya na aljihu, kuma a bazara wannan cin batir ne da dafa shi ba tare da wata riba ba.

Abin da ba a taɓawa ko kusa shi ne tsarin kariyar zafi. Za ka ga ana ba da shawarar a goge fayilolin thermal ko a saka wani ƙari na Magisk da ke kashe su don waya ta daina rage gudu. A Sakkwato wannan shi ne hanya mafi sauri zuwa kumburin batir da lalacewar dalmar da ke riƙe da firosesa a jikin bod, wato farantin da kayan cikin waya ke kai. Kariyar ce kaɗai ke tsakanin wayarka da wannan.

Rage boltej: inda ribar garin zafi take

Kamfani yana ba kowace firosesa boltej da ɗan rara, don ko mafi raunin cikinsu ta yi aiki. Idan kanel ɗinka yana da sashen boltej, rage 10 zuwa 15 mV a lokaci guda, ka gwada yini ɗaya. Tunda boltej sau biyu yake shiga lissafin zafi, ragi kaɗan yana saukar da zafi sosai, waya ta daɗe a babban gudu kafin kariya ta janyo ta. A KonaBess ba lamba ake gani ba, sunayen matakai ne kamar SVS, NOM da TURBO, sai a saukar da gudun da ake so zuwa matakin da ke ƙasa da nasa, ɗaya bayan ɗaya. Alamar an rage fiye da kima ita ce waya ta mutu ta tashi da kanta, sau da yawa ma lokacin da allo ke kashe, ko hoto ya riƙa yayyagewa da ɗigo-ɗigo a wasa. A koma matakin baya. Wayoyi biyu iri ɗaya ba lallai su jure ragi ɗaya ba, don haka lambar abokinka ba taka ba ce.

A watannin Maris zuwa Mayu, gudun kamfani tare da ragin boltej, ko ma a sauke ƙololuwa da mataki ɗaya, sau da yawa yana ba da wasa mai santsi fiye da obakulok. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a ajiye saiti biyu a manhajar: na ɗari, daga Disamba zuwa Janairu, mai ɗagaggen gudu, da na bazara mai sauƙi. Saitin da ya zauna lafiya da hunturu a sake gwada shi da zafi ya shigo.

Kada a yi wasa mai nauyi waya na caji, zafi biyu ne ke haɗuwa a kan batir. Idan shagon caji ake kai ta, inda wayoyi ke jibge kan juna kusa da janareto, a kashe ta kafin a miƙa. Kada a sa ta cikin firij ko kan ƙanƙara don ta huce, raɓa na taruwa a ciki ta ci bod. A cire riga a ajiye ta gaban fanka. Ranar da ka ga murfin baya ko allo ya fara ɗagowa, batir ya kumbura: a daina caji nan take, kada a danna shi, a kai wa mai gyara ya canza.

Idan abu ya lalace

Waya ta tsaya a tambarin kamfani fiye da minti 10, ko tana ta zagaye: kanel bai dace ba. A yawancin wayoyi, riƙe maɓallin rage sauti da na kunnawa har fastboot ya fito, sannan:

`fastboot flash boot boot.img`
`fastboot flash dtbo dtbo.img`
`fastboot reboot`

Wannan ba ya goge kayanka. A wayoyi masu gurbi biyu, A da B, `fastboot getvar current-slot` zai nuna wanda kake kai. Bayan faɗuwa da yawa waya kan tsallaka ɗaya gurbin da kanta, sai a dawo da ita da `fastboot set_active a` ko b.

Ta tashi amma Wi-Fi ko sauti ko kyamara ba sa aiki: direbobin da ke ɓangaren kamfani ba su jitu da sabon kanel ba, galibi saboda an saka na wata lambar Android ko wata manhaja. Allo ya ƙi jin taɓi: waya ɗaya kan zo da allo daga masana'antu daban, Poco F1 misali tana da mai FocalTech da mai Novatek, allon da aka canza a kasuwa kuma na iya zama wani iri da kanel bai sani ba. Batir na zuba waya na ajiye: duba ko tana shiga barci mai nauyi, manhajar kanel tana nuna wannan a matsayin deep sleep. Idan ta mutu ta tashi da kanta, dalilin yakan kasance a /sys/fs/pstore/, ko /proc/last_kmsg a tsofaffi. Wannan fayil ɗin ake tura wa mai haɗa kanel tare da sunan waya da saitin da aka yi.

Sabuntawar kamfani da ke zuwa ta iska ko dai ta ƙi hawa, ko ta hau ta shafe kanel da rut. A mayar da boot na asali kafin a karɓe ta, bayan ta hau kuma a ciro sabon boot.img daga sabuwar manhajar, domin tsohon ya daina zama hanyar dawowa. Kada a koma tsohuwar manhaja a Xiaomi ba tare da duba `fastboot getvar anti` ba. Tsarin hana komawa baya ya kashe Redmi Note 5 Pro da yawa a 2018.

Mai son rufe butloda, misali don sayar da wayar ko don manhajar banki ta dawo aiki, sai ya fara saka cikakkiyar manhajar kamfani ta yankin da aka yi wa wayar, ya bari ta tashi lafiya, sannan `fastboot flashing lock`. Rufewa a kan kanel na waje ko boot mai Magisk yana barin waya ba ta tashi kuma ba ta karɓar filashin. A manhajar Mi Flash a duba ƙasan taga kafin a danna flash: zaɓin clean all and lock yakan zo a zaɓe, wanda bai shirya rufewa ba sai ya mayar da shi clean all.